Kwandon Makullai na Ranar Alhamis

"Ajiye shi can a kan kwali, hannuna da ƙura," in ji Akoth, wadda ake kira Mama Ouma, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yaya, ki duba mana. Katin gayyata ne, sunanki ne a sama da ruwan zinare."

"Ruwan zinare! Ni Akoth? To Allah ya amfana. Ajiye shi dai a kan kwalin, Madam Shugaba."

Nyokabi ta ajiye katin, ta tsaya riƙe da jakarta kamar wadda ta zo neman aiki. Ofishin yana nan yadda ta san shi, ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene a River Road, cikin Nairobi, inda in mutum yana hawa sama sai ka ji takunsa a tsakiyar kanka. Sai dai yau an sauke komai daga bango, kwalaye sun cika ƙasa. Fiye da shekara goma rabon ta da taka nan. Ta bar motarta can nesa ta ratso tsakanin motocin hayar da ake kira matatu da masu tallar takalman gwanjo, tana ta jera maganganun da za ta faɗa. Da ta ga furfurar da ta rufe kan Akoth, duk suka watse.

Ranar Asabar mai zuwa ƙungiyar mata dillalan gine-ginen kasuwanci za ta yi bikin cika shekara talatin da biyar a wani babban otal. Nyokabi ce shugaba, kuma ta yi wa 'yan kwamiti alkawari za ta kawo matar da ta fara abin, a zaunar da ita a kujerar gaba. Abin da ta gaya musu ke nan. Wanda ba ta gaya wa kowa ba shi ne ta daɗe tana neman dalilin da zai kawo ta wannan ƙofa ba tare da ta ji kunya ba.

"Kin yi ƙiba, 'yar Nyeri," Akoth ta ce bayan ta ƙare mata kallo. "Iskar saman bene ta karɓe ki."

"Ke kuma kin rame."

"Mu 'yan ƙasa hayaƙin matatu muke sha, ba ya sa ƙiba. Zauna a kan wancan kwalin, littattafan coci ne, ba zai lotse ba. Ko da yake ban sani ba."

Dariya ta kuɓuce wa Nyokabi, ta ji ƙwalla na neman biyo ta. Ta zauna. Akoth ta jawo filas, ta tsiyaya shayi mai madara a kofi biyu, ta buɗe wata tsohuwar jarida da mandazi a ciki, irin fanken nan nasu, ta tura mata da gefen hannu. Ƙamshin citta ya tashi, ya ɗauke Nyokabi cak ya mayar da ita baya.

A wancan zamani mace a kamfanin dillancin gine-gine aikinta buga tafireta da dafa wa ogogi shayi. Cinikin gaske a mashayar kulob ake ƙulla shi bayan an tashi aiki, can maza ke raɗa wa juna wane bene ne za a sayar, wane banki ne ke neman ofis, kuma ba a barin mace ta wuce ƙofar. Akoth ma tafireta take bugawa. Amma da tsakar rana, lokacin da ogogi suka tafi cin abinci, ita ake jefa wa makullai a ce ta je ta nuna wa ƙananan 'yan kasuwa shagunan da ba wanda ya damu da su. Da haka ta san kowane lungu na tsakiyar Nairobi, da haka kuma ta lura akwai wasu mata irinta a wasu kamfanoni, suna yawo cikin rana da makullan mutane a jaka, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Sai ta tara su ranar wata Alhamis a shagon shayin Bi Zuhura, can baya kusa da murhu. Ta ɗora kwandon saƙarta a tsakiyar tebur ta ce duk wadda ke da shago ko ofis ko sito da ya ƙi samun ɗan haya, ta ɗaura wa makullinsa zare mai launi ta jefa a ciki. Kowace da launinta. Kwandon ya zagaya, wadda ke da ɗan haya a hannu amma ba ta da wurin ba shi sai ta ɗauki wanda ya dace, in ciniki ya faɗa a raba la'ada biyu. Ba takarda, ba sa hannu. Doka ɗaya ce: makullin da mai gini ya damƙa miki, daga hannunki sai hannun 'yar tebur da kika sani ido da ido, ba ya taɓa shiga hannun baƙo, ko ɗan sanda ne, ko mijinki.

Nyokabi tana da shekara ashirin da uku aka kai ta teburin, sabuwar zuwa daga Nyeri, ko hanyar gida ba ta gama sani ba. Wata uku tana kallon kwandon yana wuce ta, tana tsoron sa hannu. Ran nan Akoth ta kama wuyan hannunta ta cusa a ciki, ta ce, "Ɗauki, ba maciji." Abin da ya fito makullin wani sito ne a unguwar masana'antu, mai jan zare, launin Akoth. Sati guda suna zuwa tare a ƙafa cikin taɓo, Akoth na koya mata yadda ake buɗe ƙofa tun kafin ɗan haya ya iso don iska ta kori warin rufi, da yadda ake yin shiru bayan an faɗi farashi. Ranar da aka ba da hayar siton, sun yi rawa a gaban ƙofarsa cikin yayyafi har masu gadi suka tafa musu. A ranar Nyokabi ta ƙudura a ranta cewa duk inda matar nan ta sa ƙafa, nan za ta sa tata.

Shekaru suka ja, teburin ya zama tebur uku. Wasu suka yi karatu suka samu lasisi, wasu suka buɗe kamfanoninsu. Nyokabi ta fi kowa nisa, har aka damƙa mata kula da dogayen benaye na gilashi a Upper Hill. Aka yi wa ƙungiya rajista, aka yi zaɓe, ta kayar da Akoth da ƙuri'a kaɗan. Akoth ce ta fara rungume ta a gaban kowa. Abu na farko da sabuwar shugaba ta yi shi ne abin da duk dillaliya za ta yi wa wanda take ƙauna: ta sama wa ƙungiya adireshi mai kyau. Ɗakin taro a hawa na goma sha huɗu, kyauta, da na'urar sanyi, da taga wadda ake hango har dajin namun daji ta cikinta. Ta ɗauka kyauta ce take yi wa Akoth. Ranar taron farko ta sa aka ajiye mata kujera a damanta, da furanni.

Kujerar ta wuni ba kowa. Akoth ba ta zo ba, haka sauran matan tsakiyar gari, masu ba da hayar ƙananan shaguna da rumfuna. Wata ta sunkuyo ta ce wa Nyokabi tsofaffin yaji suka yi saboda zaɓe. Ta yarda, don abin ya yi mata ciwo, kuma mai jin ciwo ba ya tsayawa bincike. Ta ce a ranta wadda ta yi fushi ita za ta fara kira. Alhamis ta bi Alhamis, har shiru ya yi kaurin da ba a san ta inda za a huda shi ba.

"Shayinki zai huce," in ji Akoth.

Nyokabi ta kurɓa. "Yaya, yaran nan na yanzu ba su san ki ba sai a hoto. Ina so su gan ki. Magana kaɗan za ki yi, ki ba su labarin kwando."

"Suna da kwando ne su?"

"Yanzu ai komai a waya yake. Muna taro, a kawo mai lacca, a yi musayar kati..."

"Oho. A sha ruwan gora a watse."

"Haba Yaya."

"Tambaya na yi. Yaushe rabon da wata ta fito daga taronku da makullin wata a jakarta?"

Wani ya hau matakala da kaya mai nauyi, ƙura ta zubo a kan kwalayen. Nyokabi ta ji tsohon ciwon ya motsa, ya taho da zafinsa kamar jiya aka yi.

"Da kin zo ai da kin hana abin lalacewa," ta ce. "Na ajiye miki kujera kusa da ni, har furanni na saya da kaina. Na yi ta kallon ƙofa kamar mahaukaciya. In zaɓen ne ya ɓata miki rai, me ya sa kika rungume ni? Da kin ce min a fuska, 'Nyokabi, ban yafe ba,' da ya fi min sauƙi."

Akoth ta ajiye kofinta a hankali. Ta cire tabarau ta goge da gefen zanenta, ta mayar.

"Zaɓe? Ke, 'yar Nyeri, ni na zaɓe ki. Ƙuri'ata ke na ba, na gaji da rabon faɗan mata. Wa ya ce miki ban zo ba?"

"Kujerarki..."

"Na zo. Mu bakwai muka zo, matatu biyu muka hau, har ɗinki na yi. Ga kwando a hannuna cike da makullai, nawa da na sauran, sai da na sauya hannu a hanya don nauyi. Muka iso ƙofarku, lokacin nan ne da aka tsananta tsaro a manyan benaye. Aka ce mu wuce ta cikin ƙarfen nan mai ƙara. Na wuce, ya yi ihu kamar an taka jariri. Mai gadi ya leƙa kwando ya ce tarin ƙarfe haka ba ya hawa sama, sai dai in bar shi a wurinsa ya ba ni lamba, in na sauko in karɓa."

Nyokabi ta ajiye kofin shayinta a ƙasa.

"Yaro ne mai ladabi," Akoth ta ci gaba, "har Mama yake ce min. Aikinsa yake yi. Na ce masa, ɗana, wannan shagunan mutane ne, da kayansu a wasu, ba na barin su wurin wanda ban sani ba. Ya ce doka ce. Na ce ni ma doka ce. Sauran suka ce in dai kwando bai hau ba su ma ba sa hawa. Muka tsaya a bakin titi muna kallon benenki, ban san ko wace taga ce taki ba."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na kira. Wayarki a kashe."

A kashe take. Nyokabi ta tuna da kyau, ita ta ce kowa ya kashe waya don a fara taro irin na manya. Ta kuma tuna wani abin da ya fi wannan ɗaci: dokar ƙofar ita ta sa mata hannu, don benen a ƙarƙashin kulawarta yake. A benayenta an daina amfani da makulli, kati ake gogawa ƙofa ta buɗe. Ta shirya kujeru da furanni da abin sha, ta manta cewa ƙungiyarta da kwandon ƙarfe take tafiya.

"Rana ta yi zafi, Nekesa mai ciwon ƙafa ta zauna a bakin kwata," in ji Akoth. "Sai muka koma wurin Bi Zuhura muka sha shayinmu."

"Amma washegari fa? Wata mai zuwa fa? Yaya, shekara goma! Baki ɗaya za ki buɗe ki ce min ga abin da ya faru."

"Kin tambaya?" Akoth ta dube ta, ba fushi a idonta, gajiya ce kawai. "Ni da aka tsayar a titi, ni zan bi ki da bayani? Na ce yarinyar nan hannuna ta tashi, gobe za ta zo ta ce, Yaya lafiya ban gan ki ba? Na yi ta sayen mandazi da yawa ranar Alhamis. Daga baya na ji an ce kin ce mun yi yaji. Na ce to, tun da haka ta ɗauke ni, shi ke nan. Ni ma ina da nawa taurin kan, ban ce ba ni da laifi ba."

Hawayen da Nyokabi ke riƙewa tun shigowarta suka zubo, suna ɗiga a kan jakarta mai tsada. Ba wata gaba, ba wata cin amana, ba komai da mutum zai nuna ya ce ga abin da ya raba su. Ƙofa ce kawai da waya a kashe, sai mata biyu kowace tana zaune tana jiran takun ɗayar.

"Kai, ji ta, Shugaba guda tana kuka a kan littattafan coci. Ungo," Akoth ta miƙa mata gefen zanenta. "Kar ki shafa min jan baki."

"Kun ci gaba da haɗuwa?"

"Mun ɗan ja. Amma kin san yadda abin yake, mu ke da ƙananan 'yan kasuwa, ku ke da manyan wurare. Mai shagon da ya bunƙasa yana neman hawa guda a bene, in sa hannu a kwando in ji duk makullan rumfuna ne. Ku kuma na ji ofisoshinku sun yi ta zama ba kowa. Kwando ya yi ta sauƙi. Nekesa ta rasu, wasu suka koma ƙauye. Da Bi Zuhura ta rasu 'ya'yanta suka yanka shagon gida-gida, masu sayar da waya ne a ciki yanzu. In kin wuce ba za ki gane inda murhu yake ba."

"Za mu gyara," Nyokabi ta ce da sauri, tana share fuska. "Ki zo ranar Asabar ki faɗi wannan duka a gabansu. Ni zan tsaya kusa da ke. Mu dawo da tebur, a ƙasa, inda ba ƙofa. Zan nemo wuri a nan River Road, kin san ba zai gagare ni ba."

"Har yanzu wuri kike nema," Akoth ta yi murmushi. "Dillaliya dai. Ba ki tambaye ni kwalayen nan na mene ne ba."

Sai a lokacin Nyokabi ta dube su da idon basira. An ɗaure su da igiya, an rubuta Siaya, garin su Akoth, a jikin kowane.

"Idona ya tafi, 'yar Nyeri. Lambar ƙofa ma sai na shafa da hannu. Na mayar wa kowane mai gini makullinsa, hannu da hannu, na gama jiya. Ɗana Ouma ya gina min ɗaki biyu a gida, kusa da kabarin babansa. Motar kaya za ta ɗauki wannan ranar Juma'a, ni kuma in bi motar safe ranar Asabar."

"Asabar ɗin nan?"

"Ita."

"Ki ɗaga zuwa Lahadi. Kwana ɗaya tak, Yaya, don Allah."

"Matan cocinmu na can sun shirya tarbata, an riga an kama kaji. Ko da ba haka ba ma, ba zan zo ba." Ta ɗauki katin daga kan kwali, ta kai shi dab da fuskarta, ta shafa rubutun da yatsa. "Ya yi kyau. Zan tafi da shi in nuna wa jikoki. Amma in zauna a kujerar gaba a tafa min, yara su ɗauke ni hoto kamar tsohuwar motar gidan tarihi? Abin da za su tafa wa ya riga ya mutu, ni da ke muka bar shi ya mutu. Ki je ki yi bikinki, ki gaya musu abin da kika ga dama. Ban riƙe ki da komai ba, na rantse. Da na so dai a ce kin zo tun ina ganin fuskarki sosai."

Nyokabi ta dubi katin a hannun Akoth. Ta yi tunanin otal ɗin, da jawabin da ta yi sati tana gyarawa, da kambun da aka ce za a miƙa mata a matsayin wadda ta ɗaga ƙungiya sama. Ta yi tunanin Akoth ita kaɗai a tashar mota da sassafe, tana shafa jikin motoci don ta gane wadda za ta Siaya, tana ƙin tambayar kowa saboda taurin kai, sannan wuni guda a kujera mai tauri, a bi ta Nakuru, a bi ta Kericho, ba mai ce mata ga gonakin shayi can sun yi kore.

"Wa zai raka ki?"

"Allah da direba."

Wayar Nyokabi ta yi ƙara a cikin jaka. Chebet ce, sakatariyar ƙungiya. Ta ɗauka ta sa a kunne.

"Madam, masu otal suna tambaya, kujerar Mama mai kafa ƙungiya a damanki za a sa ko a hagu? Ta yarda za ta zo?"

"Ba za ta zo ba."

"Ayya! To jawabinki fa, a sa shi kafin abinci ko bayan..."

Akoth tana ɗaga mata hannu tana girgiza kai, kamar ta karanta abin da ke zuwa. "Ke, kar ki soma," take cewa ƙasa-ƙasa. "Motarki mai sanyi mura za ta sa min. Kuma ba na sauraron waƙoƙinku na Kikuyu har Siaya."

Nyokabi ta kama hannun nan mai ƙura ta riƙe gam, ta ce a cikin wayar, da ƙarfi yadda har mai hawa matakala zai ji:

"Chebet, ki ba mataimakiyata jawabin ta karanta. Ni ma ba na zuwa. Ranar Asabar Siaya za ni, zan kai Yayata gida."